NAZARI: Bayan takardar sallama, wane haƙƙi ya rage wa uwar da ke riƙe da gida ita kaɗai a Kaduna?

A Unguwar Rimi, kamar sauran tsofaffin unguwannin Kaduna ta Arewa, akwai gidaje da dama da albashin mutum ɗaya ke riƙe da su. A wasu gidajen maigida ne ya rasu, a wasu kuma aure ne ya mutu aka bar uwa da 'ya'ya. Ita ke biyan kuɗin haya a ƙarshen shekara, ita ke biyan kuɗin makaranta a farkon kowane zango, kuma ita ake kallo idan zazzaɓi ya kwantar da yaro cikin dare. Ranar da aka miƙa wa irin wannan uwa takardar sallama daga aiki, babu wani albashi na biyu da gidan zai jingina da shi kafin a ga abin da hali zai yi.

Tambayar da ke biyo bayan takardar guda ɗaya ce: me zan samu, kuma yaushe? Yawancin ma'aikata sun san ana yanke masu kuɗin fansho duk wata, saboda haka hankalinsu kan tafi can kai-tsaye. Sai dai abin da doka ta tanada ya sha bamban da abin da mutane ke zato, kuma wannan bambanci ne ke jefa iyalai cikin bashi a watannin farko. Wannan nazari ya bi dokokin da suka shafi lamarin ɗaya bayan ɗaya, domin a ga abin da ke hannun wadda aka sallama, da abin da aka kulle mata sai ta cika shekara 50, da kuma abin da babu shi sam a Najeriya.

Yadda Kaduna ta zama wurin gwaji

Babu jihar da batun rage ma'aikata ya yi amo a cikinta a shekarun baya-bayan nan kamar Kaduna. A 2017, gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar gwaji, ta kuma bayyana cewa 21,780 daga cikinsu ba su kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba. An sallame su, duk da yajin aikin da ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga a watan Janairun 2018. Gwamnati ta ce za ta maye gurbinsu da sababbin malamai 25,000.

A watan Afrilun 2021 kuma aka raba takardun sallama ga ma'aikatan ƙananan hukumomi 23 na jihar, waɗanda rahotanni suka ce sun kai kimanin 4,000. Hujjar gwamnati ita ce albashi na cinye kusan duk abin da take karɓowa daga asusun tarayya. Ta ba da misali da watan Maris na 2021, inda ta ce ta karɓi naira biliyan 4.819, ta kashe naira biliyan 4.498 a kan ma'aikata. Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC, ƙarƙashin Ayuba Wabba, ta fara yajin aikin gargaɗi na kwana biyar a ranar 17 ga Mayu, 2021, wanda ya katse wutar lantarki, ya tsayar da jiragen ƙasa da bankuna a jihar. An dakatar da shi a rana ta uku bayan Gwamnatin Tarayya ta kira ɓangarorin biyu zama a Abuja. A watan Yunin 2022, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar ta sake sallamar malamai 2,357.

An yi ta muhawara a kan ko matakan sun dace ko ba su dace ba, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa. Abin da ba a tsaya an tattauna sosai ba shi ne halin da wanda aka sallama zai shiga daga washegarin ranar. Mutanen Kaduna kuwa sun riga sun ga misalin wannan a Kakuri. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, kuma tsofaffin ma'aikatanta sun shafe fiye da shekara 20 suna bin haƙƙinsu na sallama daga masu kamfanin, wato jihohin Arewa 19. Da yawa daga cikinsu sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu ne suka gaji zaryar.

Abin da Dokar Ƙwadago ta ce

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya shi ne ya yi magana a kan rage ma'aikata. Ya fassara shi da rasa aiki na dindindin, ba da son ma'aikaci ba, saboda ma'aikata sun fi aikin da ake da shi yawa. Sashen ya ɗora wa mai ɗaukar aiki abubuwa uku. Na farko, ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa. Na biyu, a fara sallamar wanda aka ɗauka a ƙarshe, tare da la'akari da ƙwarewa da cancanta da riƙon amana. Na uku, ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan kuɗin sallama.

A nan gizo ke saƙar. Dokar ba ta faɗi ko sisin kwabo nawa za a biya ba, ba ta kuma ba da ma'aunin lissafi ba. Ta ce a yi ƙoƙari a sasanta ne kawai. Saboda haka kuɗin sallamar ma'aikaci ya dogara ne a kan abin da ke rubuce cikin takardar ɗaukarsa aiki, ko kundin ƙa'idojin ma'aikatarsa, ko yarjejeniyar da ƙungiyarsa ta ƙulla da masu kamfani. Wanda ke aiki a wurin da babu ƙungiya, kamar yawancin makarantu da asibitoci masu zaman kansu da ke cikin gari, ba shi da wanda zai zauna a teburin sasantawa a madadinsa.

Abin da dokar ta fayyace da adadi shi ne wa'adin sanarwa. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka, kwana ɗaya za a ba shi. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Wanda ya yi shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Ana iya biyan albashin wa'adin a maimakon sanarwar. Ke nan matar da ta yi shekara 15 tana aiki, idan takardar ɗaukarta ba ta tanadi abin da ya fi haka ba, albashin wata ɗaya ne kaɗai abin da wannan sashe ya tabbatar mata.

Akwai kuma wani giɓi. Ma'anar “ma'aikaci” a sashe na 91 na dokar ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da akawu-akawu, ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru. Ma'aikatan gwamnati kuma ƙa'idojin aikin gwamnati da dokokin da suka kafa hukumominsu ne ke tafiyar da su. Wannan ne ya sa kalmar da aka rubuta a takardar sallama take da matuƙar muhimmanci. Ritayar dole daban take da soke aiki, kora saboda laifi kuma daban take da su duka, kuma kowacce na da tasirinta a kan abin da za a biya. Duk wadda aka ba takarda, ta fara duba wannan kalmar kafin komai.

Kuɗin fansho: wata huɗu da kashi 25

An kawo tsarin fansho na karo-karo ne a 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, sannan aka sake fasalinsa da Dokar Gyaran Fansho ta 2014 wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. A ƙarƙashinta, duk wata ana zuba aƙalla kashi 18 cikin 100 na albashin ma'aikaci a asusun ajiyarsa na fansho: kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, kashi 8 daga ma'aikacin. Ana lissafin ne a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri, idan ba a yi yarjejeniya a kan abin da ya fi haka ba. Kamfanin kula da fansho ne ke juya kuɗin, wani kamfani daban ke adana su, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, kuma ke sa ido.

Alherin wannan tsari shi ne asusun na ma'aikaci ne, da sunansa da lambarsa. Ko kamfani ya rushe, ko an kori mutum, abin da aka riga aka zuba yana nan. Da a ce wannan tsari ne ma'aikatan masaƙun Kakuri suka yi aiki a ƙarƙashinsa, da wani ɓangare na guminsu bai nutse tare da kamfanin ba.

Amma mallakar kuɗi daban, ikon taɓa su daban. Dokar ta hana cire kuɗi daga asusun kafin mutum ya cika shekara 50, in ban da wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba saboda rashin lafiya ko naƙasa. Ga wanda ya rasa aiki bai kai 50 ba, sashe na 7(2) ya ba shi ƙofa ɗaya: idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, zai iya neman abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke asusunsa ba. Ragowar kashi 75 za su ci gaba da zama har ya cika shekarun.

Wanda kuwa ya riga ya kai 50 lokacin da aka sallame shi, ana ɗaukarsa a matsayin mai ritaya. Zai iya karɓar wani kaso a dunƙule, muddin abin da ya rage zai isa a riƙa biyansa fansho. Daga nan sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko kamfanin fansho ya riƙa biyansa kaɗan-kaɗan daga asusunsa, ko ya sayi fansho na tsawon rai daga kamfanin inshora. Ga uwa mai ƙananan yara, wannan zaɓi na da nauyi. A tsari na farko, idan ta rasu, duk abin da ya rage a asusun na magada ne. A na biyu, za a biya ta muddin tana raye, amma lamunin da ake bai wa magada na shekara 10 na farko ne kawai. Idan kuma kuɗin asusun sun yi ƙanƙantar da ba za su iya samar da fanshon wata-wata mai ma'ana ba, ƙa'idojin PenCom sun yarda a biya su gaba ɗaya.

Mu yi lissafi

Domin a fahimci girman abin, mu ɗauki misali na ƙiyasi. A ce wata mata mai shekara 42, da 'ya'ya uku, tana haya a Unguwar Rimi, ta yi shekara bakwai tana aiki a wani kamfani, kuma albashin da ake lissafa mata fansho a kansa naira 60,000 ne a wata. Kashi 18 na wannan ya kama naira 10,800. A shekara, naira 129,600 ke nan. A shekara bakwai, naira 907,200, ban da ribar da kuɗin suka haifar. Kashi 25 na wannan adadi shi ne naira 226,800, wato bai kai albashinta na wata huɗu ba.

Ma'ana, kuɗin da za ta jira wata huɗu kafin ta nema, ba za su cike ko giɓin watanni huɗun da ta yi tana jira ba. Kafin su iso hannunta, mai shago da mai gida da makarantar yara sun riga sun raba su. Ragowar naira 680,400 kuma sai nan da shekara takwas, a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci sun sauya ma'anar duk wani adadi da aka tara a shekarun baya.

Wannan lissafi ma ya ginu ne a kan zaton cewa an zuba kuɗin duk wata. Dokar ta ce a tura su cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma wanda ya saɓa zai biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da bai tura ba, a kowane wata. Duk da haka, ma'aikata da dama sai ranar da suka je neman kashi 25 suke gano cewa an yi ta yanke masu kuɗi a takardar albashi, amma asusun bai gan su ba. Wasu kuma ba a taɓa buɗe masu asusun ba, domin nassin dokar ya ambaci wurin da ke da ma'aikata 15 ko fiye a matsayin wanda tsarin ya wajaba a kansa, ƙananan wuraren aiki kuma kan fake da wannan.

Ma'aikatan jiha da haƙƙin shekarun baya

Jihar Kaduna ta yi tata dokar fansho a 2016, ta kuma fara aiwatar da tsarin karo-karo gadan-gadan daga watan Janairun 2017, ƙarƙashin Hukumar Fansho ta Jiha. Tana cikin jihohi ƙalilan da PenCom ta riƙa lissafawa a matsayin masu aiwatar da tsarin sosai. Sai dai wannan sauyi ya raba rayuwar aikin dubban ma'aikata gida biyu.

Malamar da aka ɗauka aiki tun kafin sauyin tana da haƙƙi iri biyu. Akwai abin da aka tara mata a asusunta, akwai kuma haƙƙin shekarun da ta yi a ƙarƙashin tsohon tsari, wanda bashi ne a kan gwamnati, ana lissafa shi a biya cikin asusunta idan ta bar aiki. Matsalar ita ce wannan kaso na biyu, wanda ga tsofaffin ma'aikata shi ne mafi tsoka, yana jiran gwamnati ta saki kuɗi ne rukuni-rukuni. Kashi 25 kuwa ana lissafa shi ne a kan abin da ke cikin asusun a ranar da aka nema. Wadda aka sallama a watan Afrilun 2021, shekara huɗu da 'yan watanni ne kacal tsakaninta da farkon cikakken tsarin, komai daɗewarta a aiki.

Batun garatuti ma na rikita mutane. A tsohon tsari, garatuti haƙƙi ne da ake biya a dunƙule. Dokar 2014 ba ta wajabta shi ba, ta dai bar wa mai ɗaukar aiki damar ƙara wani abu idan ya ga dama ko an yi yarjejeniya. Kuɗin da mai ritaya ke karɓa a dunƙule a sabon tsari daga cikin ajiyarsa ake ciro su, kuma duk abin da ya ɗauka yana rage fanshonsa na wata-wata.

Ya kamata ma'aikatan jiha su san cewa sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare haƙƙinsu na fansho da garatuti, ya hana a riƙe shi ko a sauya shi ta hanyar da za ta cutar da mai shi, sai iyakar abin da doka ta yarda. Ya kuma ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Ya kamata kuma su san cewa takardun lamuni na naira biliyan 758 da Gwamnatin Tarayya ta amince da su a watan Fabrairun 2025 domin biyan basussukan fansho, na ma'aikatan tarayya ne. Ba su shafi malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Kaduna ba.

Abin da ke tafiya tare da aikin

Akwai kariyar da ma'aikaci ba ya lura da ita sai ta tafi. Dokar fansho ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Idan ma'aikaciya ta rasu tana bakin aiki, wannan kuɗi na wanda ta rubuta sunansa ne. Ranar da aiki ya ƙare, inshorar ma ta ƙare. Ga gidan da uwa ce kaɗai ginshiƙinsa, wannan asara ce babba, ko da yake ba a ganin ta a takardar sallama.

Haka nan inshorar lafiya da ake cirewa daga albashi. Wadda take cikin tsarin hukumar KADCHMA ta hanyar aikinta, ya kamata ta je ta tambayi matsayin rajistarta da ta 'ya'yanta, da yadda za ta koma rukunin masu biya da kansu, tun kafin ciwo ya zo. Asusun NSITF kuwa, wanda masu ɗaukar aiki ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a ƙarƙashin dokar 2010, na diyyar rauni ne ko ciwo ko mutuwa ta dalilin aiki. Ba ya biyan wanda ya rasa aiki.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton cewa wanda aka rubuta a matsayin makusanci a takardun fansho shi zai karɓi kuɗin idan mai asusu ya rasu. Sashe na 8 na dokar ya ce sai an gabatar da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kafin a saki kuɗin asusun. Uwar da 'ya'yanta ƙanana ne, ya dace ta sanar da wani amintacce sunan kamfanin fanshonta da lambar asusunta, ta kuma gyara bayananta idan har yanzu sunan tsohon miji ne ko na mahaifin da ya rasu ke kai.

Tallafin da babu shi

Najeriya ba ta da inshorar rashin aiki, ba ta kuma da wani alawus na yara da doka ta mayar haƙƙi. Kwatanci da wasu ƙasashe zai nuna girman giɓin. A Afirka ta Kudu, doka ta tabbatar wa wanda aka rage aƙalla albashin mako ɗaya a kan kowace shekarar da ya cika yana aiki. Akwai asusun rashin aiki da ma'aikaci da mai ɗaukarsa ke zuba wa kashi 1 cikin 100 kowannensu, akwai kuma tallafin yara da ake biya duk wata tun 1998. Daga 1 ga Satumba, 2024, ƙasar ta raba sabbin kuɗin fansho gida biyu, kashi ɗaya cikin uku ana iya taɓawa idan buƙata ta taso, kashi biyu cikin uku kuma sai ritaya. A Birtaniya, wanda ya yi shekara biyu a wurin aiki yana da kuɗin sallama da doka ta ƙayyade, sannan gwamnati na tallafa wa iyaye marasa aiki gwargwadon yawan 'ya'yansu.

A nan gida, abin da ya fi kusa da haka shi ne shirin raba naira 25,000 a wata har tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, wanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023. An dakatar da shirye-shiryen tallafin a watan Janairun 2024 bayan zarge-zargen almundahana a ma'aikatar jinƙai, kafin daga baya a ci gaba. Ko da komai na tafiya daidai, ana zaɓar masu amfana ne daga rajistar marasa galihu, wadda ake tattarawa unguwa-unguwa. Matar da take karɓar albashi lokacin da aka yi rajistar, da wuya sunanta ya kasance a ciki, kuma takardar sallama ba ta shigar da ita kai-tsaye.

Saboda haka nauyin kan koma kan dangi, da adashi, da zakka, da ƙungiyoyin masallaci da na coci. Akwai kuma haƙƙin da mata da yawa ke bari saboda kunya ko gudun fitina, wato ciyarwar 'ya'ya. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci ke bi a Arewa, ci da sha da tufafi da matsugunin yara suna wuyan uba ne, ko da riƙonsu na hannun uwa bayan rabuwa. Samun albashin uwa bai taɓa sauke masa wannan nauyi ba, balle rashinsa. Kotuna irin ta Magajin Gari na sauraron irin waɗannan ƙararraki, ga waɗanda suka yi aure a ƙarƙashin dokar ƙasa ko al'ada kuma akwai kotunan da suka dace da su. Jihar na da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2018.

Matakan da suka rage a hannunta

Abu na farko shi ne takardu. Ta adana takardar ɗauka aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardun albashi, da takardar sallama ta asali. Kada ta sa hannu a kan wata takardar da ke cewa ta karɓi dukkan haƙƙinta sai ta ga lissafin a rubuce: albashin da take bi, kuɗin hutun da ba ta je ba, kuɗin wa'adin sanarwa, da kuɗin sallama idan akwai.

Na biyu, ta je kamfanin fanshonta tun a makon farko, ta nemi cikakken bayanin asusu, ta gwada shi da takardun albashinta wata bayan wata. Idan akwai watannin da ba a zuba ba, ta kai ƙorafi a rubuce ga PenCom, wadda ke da wakilan da ke ƙwato irin waɗannan kuɗi. Ta kuma tabbatar sunanta da ranar haihuwarta sun yi daidai a asusun fansho da lambar NIN da asusun banki, domin saɓanin harafi ɗaya kan tsayar da biya na tsawon makonni. Daga 1 ga Yuni, 2025, PenCom ta sakar wa kamfanonin fansho ikon amincewa da biyan kashi 25 ba tare da jiran izininta ba, abin da ya rage uzurin jinkiri idan takardu sun cika.

Na uku, ta yi tunani kafin ta ɗauki kashi 25. Idan kuɗin za su zama jari ko su hana a fitar da ita daga gida, ɗaukarsu na da ma'ana. Idan kuwa akwai alamar samun wani aiki nan kusa, barinsu ya fi, domin asusun zai bi ta zuwa sabon wurin da lamba ɗaya. Wadda ke ƙyamar kuɗin ruwa na iya neman a mayar da ajiyarta rukuni na shida, wanda PenCom ta ɓullo da shi a 2021 domin juya kuɗi bisa ƙa'idojin shari'a. Tun watan Nuwamban 2020 kuma, mai asusu na da damar sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara.

Na huɗu, idan tana ganin an zalunce ta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron rikicin aiki da na fansho a ƙarƙashin sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki, kuma tana da reshe a Kaduna. Kada ta yi jinkiri, musamman idan hukumar gwamnati ce za ta kai ƙara, domin akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata uku kacal, kuma lauyoyin gwamnati kan kafa hujja da ita duk da saɓanin da ke tsakanin hukunce-hukuncen kotuna a kan ko ta shafi yarjejeniyar aiki. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, duk wurare ne da mara ƙarfi zai iya fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Gyaran da ke wuyan hukumomi

Duk waɗannan matakai na rage asara ne kawai, ba za su toshe giɓin da ke cikin dokokin ba. Dokar Ƙwadago ta samo asali ne tun 1974, kuma har yanzu ba ta da mafi ƙarancin kuɗin sallama. Majalisar Tarayya na iya sa ma'auni bayyananne, na albashin kwanaki kaza a kan kowace shekarar aiki, yadda ma'aikacin da ba shi da ƙungiya ba zai dogara da tausayin mai gidansa ba. Wa'adin wata huɗu ma ya cancanci a sake duba shi, ko a rage shi ga wanda takardarsa ta nuna rage shi aka yi ba shi ya ajiye aikin ba.

A matakin jiha, gwamnatin Sanata Uba Sani ta gaji waɗannan basussuka tare da kujerar, kamar yadda ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 a 2024. Abin da ya fi sauƙi a gare ta, wanda kuma ba ya buƙatar sabuwar doka, shi ne Hukumar Fansho ta Jiha ta wallafa yawan waɗanda aka sallama a 2018 da 2021 da 2022 da aka kammala biyansu, da yawan waɗanda suka rage, da jimillar abin da suke bi, da tsarin da ake bi wajen zaɓar rukunin da za a biya. Majalisar Dokokin Jiha kuma na da ikon gindaya sharaɗin cewa duk wata hukuma da za ta rage ma'aikata nan gaba, sai ta nuna kuɗin sallamarsu a cikin kasafi kafin ta raba takarda ko ɗaya.